Ranar da Na Ja Kakana Zuwa Michika

Warin tsohuwar takarda da ta sha damina har yau yana hana ni zama wuri ɗaya. Da zarar na ji shi, sai in ga kaina a zauren gidanmu na Mubi, ina 'yar shekara goma sha biyu, riƙe da littafin haya marar bango.

Gidanmu na dukawa ne. Kakana ya gaji ɗinkin fata wurin mahaifinsa, wanda ya taso daga ƙasar Katsina. Lokacin da na yi wayo yanar ido ta riga ta rufe masa gani, don haka ni ce idonsa. Bayan la'asar nakan zauna gefen buzunsa in karanta masa duk abin da na samo.

A daminar nan na aro wani littafi wurin mai haya a bakin kasuwa. Labarin fatake biyu ne, ɗaya ya kashe ɗan'uwansa a daji saboda kaya, ya ɗora wa maigadi laifin. Ni kam ɗan sandan da ke bin sawu ne ya tafi da hankalina, ina karatu zuciyata na bugawa. Kakana kuwa bai kula shi ba. Akwai wata mai sayar da fura a labarin, wadda ta ga kome da idonta ta ja bakinta. Da muka iso wurin sai ya ce in sake. Na sake. Ruwa na dukan kwano har sai na ɗaga murya, ya ce in ƙara sakewa.

Da muka gama ya tambaye ni yadda mai furar ta ƙare. Na bi shafukan baya ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa ba a sake ambatonta ba.

"To, mai rubutun nan bai san inda labarin yake ba," in ji shi.

Daga ranar ya daina zama. Sai ya lalubi bango daga zaure zuwa bakin rijiya, ya dawo, ya sake komawa. A kai masa tuwo a ɗauko shi da ɓawo a kai. Mahaifiyata ta ce littafina ne ya jawo, ta hana ni aro.

Wata safiya ya sa babbar riga, ya ce wa mahaifiyata zan raka shi Michika. A hanya muka tarar mayo, wato rafin da ya ratsa hanya, ya cika, motoci sun yi layi ana jiran ruwa ya janye. A ƙarƙashin wata tsamiya, cikin wannan jiran, ya gaya mini. Yana saurayi, an tsinci gawar wani mai shanu a hanyar kasuwa, shanun sun ɓace. Aka kama wani manomi daga duwatsun Michika, don an gan shi tare da mamacin, ya mutu a gidan yari. Amma kakana ya ga nasa ƙanen, uwa ɗaya uba ɗaya, a bakin ruwa ran nan yana wanke jini daga riga, bayan wata biyu kuma ya ga ya sayi gida. Ƙanen nan ni ma na san shi, yakan ba mu dabino kafin ya rasu. Na rasa inda zan sa idona, sai na yi ta kallon ruwan.

Da tambaya muka sami matar manomin, can saman dutse, tana cire ciyawa a gonar gyaɗa. Tsohuwa ce siririya, da ɗan gicciyen katako a wuya. Na ja hannunsa har gabanta. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya faɗi kome bai rage ba. Ba ta ajiye fartanyar ba har ya gama.

"Mijina bai kashe mutum ba, ni na san shi tun ranar," ta ce, da irin Hausar mutanen dutse. "Ba ni za ka faɗa ba, Baba. Ka faɗa wa ɗana."

Ta aika aka kira shi, babban mutum mai furfura a gemu, wanda ya girma ana nuna shi da baki. Maƙwabta ma suka taru. Kakana ya maimaita a gabansu, yana matse hannuna har ya yi mini zafi. Ɗan ya juya mana baya, kafaɗunsa na girgiza. Da kakana ya nemi gafara, tsohuwar ta ce wanda zai yafe yana ƙarƙashin ƙasa. Amma ta sa aka kawo mana ruwa a ƙwarya, ta kuma haɗa mu da wanda ya sauko da mu.

Labari ya riga mu isa gida. Mahaifina ya yi kwana uku bai shiga zaure ba, 'ya'yan ƙanen kuwa ko jana'izar kakana ba su zo ba. Shi dai ya koma kan buzunsa, ya ci tuwonsa.

Shekaru da yawa na ɗauka ni jaruma ce a labarin nan. Sai ga shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, muka gudu a ƙafa ta Sahuda zuwa bakin iyaka. Da muka dawo, gidaje a fashe, wasu kuma ba baƙi ne suka fasa su ba. A ɗakin yayana, bayan buhunan masara, na ga keken ɗinkin maƙwabciyarmu, na gane shi da ƙunar dutsen guga a gefen katakon. Shekara uku ke nan ban faɗa mata ba. Ita tana bin shagunan mutane tana ɗinkin kwangila, da marayu huɗu.

Yanzu littattafan kisa da kwaɗayi sun cika waya, ba sai an je haya ba, kuma ban daina karanta su ba. Sai dai ba na iya kai ƙarshe. In ajiye, in share tsakar gidan da na riga na share, in leƙa ƙofa. Kullum da safe muna gaisawa da maƙwabciyar ta kan katanga. Shekaranjiya ta dube ni da kyau, ta tambaya ko lafiya, ta ga na rame. Na ce mata zafi ne.