Daren Sha Huɗu a Bakin Tukunyar Kalwa

Zan fara da neman afuwa. Yawancin abin da zan rubuta ya faru ne ina tsakanin shekara shida zuwa tara, kuma na lura duk lokacin da na sake ba da labarin, wani abu yakan ɗan gusa daga inda na bar shi. Mai yiwuwa na haɗa darare biyu na mai da su ɗaya. Mai yiwuwa kuma na sa wa kakata kalmomin da ba nata ba, ko da yake muryarta ce abin da na fi amincewa da shi a duk abin da nake tunawa.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Rawayya, a ƙasar Bungudu. Kakata ta wajen uba sunanta Ige, mu jikoki Kaka kawai muke ce mata. Sana'arta daddawa, kuma ta iya, don har Gusau ake kai tata. Kalwar da ake daddawa da ita ba ta nuna da wuri. Da la'asar ake ɗora ta a babbar tukunya, a yi ta tura itace ana ƙara ruwa har gari ya waye. In wuta ta mutu ko ruwa ya ƙone, aikin ya lalace. Kaka ba ta son ƙona kananzir, saboda haka takan ajiye babbar dahuwa sai tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar, lokacin da farin wata ya isa a leƙa cikin tukunya ba fitila.

A bakin wannan wutar ake yi mana tatsuniya. Bayan isha'i mukan zagaye murhu, mu da 'ya'yan maƙwabta, Kaka tana kan turmin da aka kwantar, tana sosa ƙafa da tsinke. Ba zan ɓoye ba, ina son waɗannan darare fiye da komai. In ta yi muryar kura sai ƙananan su shige bayan manya. Idan an gama, kowa ya tashi ya kwanta, har da ita. Mutum ɗaya ke zama har asuba, wato Inna, mahaifiyata. Tun da aka kawo ta daga 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, Kaka ta sauke mata gadin wuta, ba ta sake ɗauka ba.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta kama sunana, ba ta jawo ni jiki a gaban mutane, kamar yadda ake yi. A ɗakin Kaka nake kwana, a kwanonta nake ci. Na faɗi haka ne don a gane ɓangaren da nake, ba don in wanke kaina ba.

Inna 'yar malami ce. A gidansu an koya mata cewa in wata ya yi husufi a tashi a yi salla, a kuma tayar da na kusa. Haka take yi. Tana tsakar gida ita kaɗai, sai ta ga gefen wata ya fara cinyewa, ta je ta buga wa Baba ƙofa. Baba ya fita ya tayar da maƙwabta, yara su fito da gwangwanaye da murafun tukwane suna kaɗawa, suna roƙon rana ta saki wata. Da safe maganar ƙauye ɗaya ce: daga gidan Ige aka fara gani.

Kaka ta fara ƙirga. Takan ɗaga yatsu biyu a hasken wuta ta ce, “Ni da furfurata, kafin a kawo ɗiyar malam gidan ga, sau biyu na taɓa ganin an kama wata. Guda ina budurwa, guda shekarar da anka haifi ubanku. Yanzu ko yatsun hannu guda sun kusa ƙarewa.”

Daga nan wata tatsuniya ta shigo da ba mu taɓa ji ba. Ba ta buɗe ta yadda take buɗe sauran. Takan ce kawai, “Ku matso, wagga ta masu kunne ce.”

Wai Rana da Wata sun raba sama, kowa da gonarsa da hanyarsa. Wata ragon tafiya ne, in ya gaji yakan yanke ta gefen gonar Rana don ya rage nisa. Rana tana barci ba ta sani ba. Mutanen gari suna gani, amma sun yi shiru, don shi ke haska musu hanya. Haka aka zauna lafiya shekara da shekaru, har aka kawo wata mata daga wani gari mai nisa, wadda ba ta barci. Idonta kullum yana sama. Da ta ga Wata ya taka iyaka sai ta buga murfin tukunya, Rana ta farka ta shaƙe shi har ya yi ja. Aka ba ta haƙuri ta ƙi. A ƙarshe mutanen gari suka ɗaure mata kayanta suka ajiye a mararraba. Tun daga ranar, in ji Kaka, mutum sai ya tsufa bai ga an kama Wata fiye da sau biyu ba.

Inna tana tsugune taku uku daga wurin, tana gyara itace. Sau ɗaya na ji ta tanka. Ta ce, “Iya, ai ba ni ke kama shi ba. Gani kawai nake yi.”

Kaka ba ta ko juya ba. “Wa ya kama sunanki? Tatsuniya nika yi wa jikokina. In kin ji ta yi kama da ke, tura itace.”

Muka yi dariya. Ni ma na yi, ina jin har na fi kowa.

Yara suka kai tatsuniyar gidajensu. A bakin rijiya mata suka riƙa ce wa Inna, “Rabi, wannan watan dai ki taimaka ki bar mana shi ya wuce lafiya.” Da wasa ake faɗa, amma wata mai ciki ta daina karɓar guga daga hannunta. Baba yana kai hatsi kasuwar Gusau, kwana biyu a gida kwana uku a waje. Da Inna ta gaya masa, sai ya ce tsohuwa ce, a yi haƙuri.

Aka yi kusan shekara biyu ba a ga komai ba. Sai wani dare a farkon damina, fitsari ya tashe ni gab da asuba. Na fito na tarar tsakar gida ta yi wani irin duhu-duhu. Akwai gajimare a yamma, amma ya buɗe, ga wata can ƙasa-ƙasa ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Inna tana bayan rumbu tana salla ita kaɗai. Ba ta tayar da kowa ba. Da ta sallame ta gan ni, ta taso ta riƙe mini wuyan hannu. Ban tuna ta taɓa riƙe ni haka ba.

Ta ce, “Ke, ba ki ga komai ba. Kin ji?”

Na ce na ji.

Ko wasu masu fita masallaci sun gani, ban sani ba. Gajimaren ya rufe da wuri, kuma ba wanda ya yi maganar da safe. Da dare ana dahuwa ta biyu, bayan an surfa kalwar an wanke, Kaka ta sake kawo tatsuniyar. Da ta gama sai ta ƙara da cewa, “Kun gani? Tun da na fara faɗin gaskiya a gidan ga, damina biyu ke nan ba a taɓa shi ba.”

Ina da wani hali tun ina ƙarama, har yau bai bar ni ba. Ba na iya jin an faɗi abu ba daidai ba in yi shiru. Na ce, “Ai an kama shi jiya, Kaka. Ni da Inna mun gani.”

Kaka ta ajiye tsinken hannunta. Ta dubi Inna, wannan karon ido cikin ido.

“Da kina tayar da mu, ina cewa ko tsoron Allah ne. Yanzu ɓoyewa kika yi. Mai gaskiya mi za ta ɓoye?”

Ni Inna ta kalla, kallo ɗaya, ta ci gaba da juya tukunya.

Da Baba ya dawo, Kaka ta ce masa ya zaɓa, ita ba za ta sake kwana gida ɗaya da mai shirya abu da dare tana rufewa ba. Baba ya ce wa Inna ta je gida ta ɗan huta har tsohuwa ta huce. Ta tafi da jaririyar da take goyo, aka bar ni da ƙanena Sani. Ba wanda ya je biko. Bayan wasu watanni takarda ta bi ta.

In ban ruɗe ba, a azumin shekarar aka sake kama wata, masu tashi sahur duk suka gani. Na zaci maganar ta ƙare ke nan. Kaka ta ce, “Abin da anka koya wa Rana, ba ta mantawa da wuri.”

Sai shekarar 2006, ranar da rana kanta ta yi husufi. Wannan ba ni kaɗai ce shaida ba, duk wanda yake Gusau da kewaye ya sani. Da hantsi haske ya fara yin fari-fari kamar mara lafiya, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Can sai duhu, har na ga tauraro. Kaka ta durƙusa a ƙofar ɗaki tana salati. Ban taɓa ganin ta ji tsoro ba sai ranar. Da haske ya dawo na tsaya kusa da ita ina jira, don a raina na tabbata za ta ce a je a ɗauko Inna. Ta share fuska ta ce wa Baba, “Ka tambaya mani, can ƙasar Tsafe ma an yi?” Washegari ya ce an yi. Ta ce, “To.” A kan wannan “to” ɗin ta rasu bayan shekara huɗu.

A jami'a na karanci ilimin ƙasa, a nan na fara ganin jadawalin husufi. Ni ba ƙwararriya ba ce a ilimin taurari, saboda haka abin da na fahimta kawai zan faɗa. Ba shekarar da ke wucewa rana ba ta yi husufi aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya ba, sai dai inuwar siririya ce, gari ɗaya yana iya yin ɗaruruwan shekaru bai ga cikakken duhu irin wanda muka gani ba. Na wata kuwa, duk wanda watan ke samansa a lokacin yana iya gani, in yana farke kuma ba gajimare. Wasu masu rauni ne, ido ba ya ko lura. Kuma wata ba ya husufi sai ya cika, wato daren sha huɗu ko sha biyar.

Na daɗe ina kallon wannan layin. A iya binciken da na yi, ban ga alamar husufi ya ƙaru don an kawo wata mata daga 'Yandoto ba. Abin da ya ƙaru shi ne mai kallo. Kaka ce ta zaɓi daren, ita ta zaunar da Inna a waje, sannan ta shiga ta yi barci. Abin da ban iya warwarewa ba shi ne, a shekarun da ita ke gadin wutar da kanta, me ya sa biyu kawai ta gani? Ko ba ta ɗaga kai ne, ko a lokacin ba ta tsayar da dahuwa a tsakiyar wata ba, ko ta gani ta rage ƙirgar. Ba na son in zargi mamaciya da abin da ban tabbatar ba.

Bara na kwafe jadawalin shekarun da hannuna, na ja layi a ƙarƙashin waɗanda ya kamata a gani a ƙasarmu, na kai wa Inna a Tsafe, inda take aure yanzu. Na karanta mata tun daga shekarun da ba a haife ta ba. Ta saurara tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, “Ni kika zo ki gaya wa? Ni da nake zaune a wajen?” Ta tura mini takardar da gefen faifai. “Ki kai wa ubanki.”

Ban kai masa ba tukuna. Ina son in tabbatar komai daidai ne kafin in kai.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya zauna a bakin wutar nan, cikin 'ya'yan maƙwabtanmu ko iyayensu, in ya ga kuskure a abin da na rubuta, ya aiko mini ta hannun Sani, na gyara. Ko shekara ce na sauya, ko kalma. Abu ɗaya na fi buƙata. Sani ya ce a daren da na yi magana, Kaka ce ta fara tsare ni da tambaya, wai ta ga na kasa cin abinci. Shekararsa biyar a lokacin, kuma yana sona. Ni abin da nake tunawa, ba wanda ya tambaye ni. Wanda yake wurin ya faɗa mini yadda aka yi, kada ya sassauta.