Ranar da Dogo Ya Goyi Yayansa

A unguwar kowa ya san Dogo direba, mai tsohuwar bas ɗin nan da ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da waya. Duk ranar Lahadi shi ke kwaso tsofaffi da masu goyo ya sauke su a bakin coci, sannan ya ja motarsa inuwa, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula har a tashi. In wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, yau ma ba za ka shigo ba?" sai ya yi dariya ya ce, "Mama, ni kawowa ce aikina. Shiga taku ce."

Da can ba haka yake ba. A cocin suka tashi shi da yayansa, yayan na ba da waƙa, shi yana kaɗa ganga. Abin ya ɓaci ne shekarar da matar Dogo ta kwanta ciwo. Yaya ya zo asibiti ya durƙusa, ya yi ta addu'a har muryarsa ta dishe, ya ce wa ƙanensa ya kwantar da hankali, Ubangiji na ji. Washegari ta rasu. A bakin kabari, da Yaya ya buɗe baki zai ta da waƙa, Dogo ya hankaɗe shi a gaban jama'a ya ce, "Wanda kake yi wa waƙar kurma ne!" Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye, har furfura ta fito musu su biyun.

Ana gab da shiga azumin da ake yi kafin Ista, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Mutumin da muryarsa ke cika coci ba lasifika, ya koma ko "ruwa" ba ya iya cewa.

Wata Juma'a da yamma matar Yaya ta tare Dogo a tasha. Ta ce, "Tun safe yayanka ke nuna min takalminsa na zuwa coci. Ka taimaka ka kai mu, ba don halinmu ba."

Ya kai su. Sai ga matsala: keken guragu ba ya hawa matakala, waɗanda suka zo sujadar yamman kuma duk tsofaffin mata ne. Matar Yaya ta juyo ta kalli Dogo. Dogo ya yi tsaki, ya duƙa, ya goyi yayansa. Rashin nauyin mutumin ne ya fara tsorata shi, sai ka ce kayan wanki ya ɗauka.

Niyyarsa ya ajiye shi a bencin baya ya fice. Amma hannun Yaya mai lafiya ya damƙe masa riga ya ƙi saki, dole ya zauna. Cocin shiru, ba ado, ba kiɗa, an lulluɓe gangar da ƙyalle saboda azumi. Fasto ya yi gajeriyar magana a kan tuba, sannan matan suka ɗauki wata tsohuwar waƙar neman jinƙai a hankali.

Can sai Dogo ya ji wata murya a gefen kunnensa. Ya juya. Yaya ne. Baki a karkace, yawu na zuba a haɓa, amma kalmomin na fita tar, babu wadda ta faɗi. Matan suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai ke rerawa, idonsa a rufe, yana roƙon Allah gafara kamar shi ne mai babban laifi a wurin.

Dogo ya zuba masa ido. Wannan mutum an karɓe masa ƙafa da hannu da magana, ɗan abin da ya rage masa kuma ya kawo wa Ubangiji. Bai san lokacin da ya zame daga benci ba, sai ji ya yi gwiwoyinsa sun bugi siminti. Ya kifa kai a cinyar yayansa yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ubangiji, na zage ka. Na kunyata ɗan'uwana. Ga ni, ka yi min jinƙai." Yaya ya saki rigar, ya ɗora masa hannu a ka, bai daina waƙar ba.

Da aka ƙare, harshen Yaya ya koma a karye yadda yake. Daga baya likita ya ce akan ga haka, mai irin wannan ciwo ya kasa magana amma ya iya waƙa. Dogo ya ce, "Likita, ban musa ba. Amma ni ina wurin."

Sauran kwanakin azumin a gidan Yaya ya yi su. Shi ke yi masa wanka da aski, ya juya shi a gado, matar tana tsokanarsa wai ya ƙwace mata miji. Ya je wurin fasto suka daɗe a ofis. Har yanzu bai san dalilin da Allah ya ɗauke matarsa ba, kuma ba ya ɓoye wa kowa haka. Sai dai yanzu in tambayar ta taso masa, durƙusawa yake yi ya yi ta a cikin addu'a.