Hotona a Kan Motar da Ba Ta da Inji

Edita, ina yi maka sallama. A cikin shekarun casa'in ni budurwa ce a Bebeji, na gama sakandare, ga tsiwa ga rawar kai, kuma babu abin da na tsana irin a ce mini baƙauyiya. Mahaifina manomi ne. Shi kaɗai ya tsaya kai da fata a kan sai na tafi kwalejin horon malamai, alhali ƙannensa duk suna cewa karatun ya isa haka. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, kada in jawo abin da zai sa ya sunkuyar da kai a masallaci. Na ce na ji, kuma har zuciyata na yi niyyar kiyayewa.

Ina da taubashi, ɗan Goggona, yana koyon kanikanci a Kwanar Dangora. Ka san wasan taubasai, duk abin da ya faɗa mini babu mai tsawatar masa, ni ma ba na raga masa. Da ƙaramar Sallah ya zo mana da aron bidiyo da wani kaset da ya samu wurin direbobin Legas, na waƙoƙin gambarar baƙaƙen fatar Amurka. Muka taru a ɗakin yayana muna kallo. Ban ji ko kalma ɗaya ta waƙar ba, amma idona ya cika. Maza da sarƙoƙin zinare har cibiya suna nuna mu da yatsa, motoci suna walƙiya, 'yan mata kuwa a zaune a kan motocin da baƙin tabarau, ko kallon mutane ba sa yi. Wallahi suka burge ni. Na ce a raina waɗannan su ne matan da suka isa. Taubashina ya lura, sai ya fara tsokana, wai ni ko a kan amalanke aka ɗora ni sai na faɗo, baƙauyiya kawai. Na ce masa ya kawo motar ya gani.

Ashe da gaske ya ɗauka. Ranar da Inna ta aike ni Kwana da saƙon Goggo, sai ya ja ni bayan garejinsu, inda wata marsandi take ɗore a kan duwatsu, an cire injinta tun bara. Ya wanke mata fuska da ruwan omo, ya rataya sarƙar da ya saya a teburin mai koli, ya juya hularsa baya, ya kira mai hoto. Ni kuma na zame mayafi da ɗankwali, na saka tabarau ɗinsa, na haye gaban motar na harɗe ƙafa, shi kuma ya jingina da ita a gefena. Mai hoto ya durƙusa ya saita yadda duwatsun ba za su fito ba. Muka yi ta dariya, na mayar da mayafina na kama hanyar gida ina jin na rama.

Abin da ban yi tunani ba shi ne al'adar masu hoto ta lokacin. Duk hoton da ya yi kyau, sai su wanke babba su saka a allon gilashi a ƙofar shago don jawo ciniki, ba sa tambayar kowa. Shagon nan kuwa yana kallon tasha. Kafin in ankara kwandastoci sun kawo labari Bebeji, wai an ga 'yar gidan wane kai babu ɗankwali a kan motar wani mai kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai, hoto ɗaya ne amma hukunci biyu. Shi samari suka koma kiransa babban yaro, har da masu saya masa shayi. Ni kuwa mata suka daina amsa gaisuwata a rijiya, wata ƙawata aka hana ta zuwa gidanmu. Ƙannen Baba suka zo zaure suka ce ga irinta nan, tun ba ta tafi ba ke nan. Ina jin su daga tsakar gida, na san karatu ya kuɓuce mini. Na yi kuka har na gode Allah, Inna kuma ta ƙi ko kallona.

Da safe Baba ya ce in sa mayafi in hau bayan babur. Muka kama hanya har Kwana. Ya tsaya gaban allon nan ya daɗe yana kallo, sannan cikin lalama ya sa mai hoto ya cire, ya karɓa har da fim ɗin. Sai ya ce a nuna masa motar. Taubashina ya kai mu yana ta sosa ƙeya. Baba ya ɗaga murfin gaba, sai ga kaza ta yi tsalle ta fito daga inda inji ya kamata ya kasance, ta bar ƙwayayenta. Na ga gemunsa yana motsi, dariya yake dannewa. Ya juyo ya tambaye ni, a kaset ɗin da muka kalla, matan nan me suka ce? Na ce ba su yi magana ba. Ya ce to motocin nasu ne? Na ce ban sani ba, na mazan ne ina jin. Sai ya ɗaga hoton ya ce, "Kin gani ko? Shi an ɗauke shi mai mota, ke an ɗauke ki kayan mota. Ni ba don haka na haife ki ba."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Taubashina ma bai tsira ba, don Baba ya sa shi a gaba har zaurenmu, ya sa ya faɗa wa ƙannen Baba da bakinsa yadda aka yi. Da suka sake tayar da zancen a fasa karatun, Baba ya ce yarinyar da hoto ya iya ruɗa ai ita ta fi kowa buƙatar makaranta. Da kansa ya ɗaure mini akwati a bayan babur ya kai ni tasha.

Yau na daɗe ina koyarwa a wajen Kiru, surutun nan ya mutu tuntuni, taubashina kuma yana da garejinsa da 'ya'ya mata da yake kaffa-kaffa da su. Har yanzu ba na ƙin waƙa, ina ma sonta. Jan hankalina ga ƙannena mata shi ne, duk abin da aka nuna muku a allo, ku tambayi wa ke magana a ciki, wa aka ajiye don ado, kuma me aka ɓoye a ƙasan hoton. Iyaye kuma don Allah a bincika kafin a yanke wa yarinya hanya. Allah bai yi Baba zai ga 'yar tsohuwar motar da na saya ba, Allah ya jiƙansa. Amma duk safiyar da na buɗe ƙofar direba na zauna, sai na tuna shi na ce, Baba, yau ma a ciki nake.