Akwatin Kayan Aikina Ya Ba Da Shaida a Kaina

Lokacin da abin nan ya same ni, ni makanike ne na manyan motoci a Magazin ta Suame, unguwar makanikai, irin wanda idan giyabos ɗin tirela ya gagari kowa ake cewa a kai wa mutumin Zango, unguwarmu ta Hausawa. Ina da 'yar rumfata, ina da mata da yara, ina kuma da girman kai daidai gwargwado, ko in ce fiye da gwargwado. Na rubuto wa mujallar nan ne don haushi ya ishe ni, ga shi har yau ina ganin 'yan'uwana masu sana'a suna rugawa da murna inda na je na sha wuya.

Wani kamfanin jigilar kaya da ke wajen Kwadaso ne ya neme ni. Manajansu ya sha kawo mini motoci, rannan sai ya ce me zai hana in koma wurinsu gaba ɗaya, in riƙa kula da motocinsu ana biya na duk ƙarshen wata. Ya ce ba za su ɗauke ni a matsayin ma'aikaci ba, don wai hakan raini ne ga babban masta kamata. Kwangila za su ba ni, in ci gaba da zama mai zaman kaina. Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Na dawo gida ina hura hanci, na shaida wa matata cewa mijinta ya zama ɗan kwangila. Ta tambaye ni ko akwai fansho a ciki, da kuma wanda zai biya asibiti in wani abu ya faru. Na ce mata ta bar wa maza harkar maza. Na sallama wa wani rumfata, na kama aiki.

To, ku ji zaman kan da na yi. Sai na iso kafin direbobi, kuma ba na tashi sai manaja ya sallame ni. Ranar Juma'a sai na nemi izini kafin in tafi masallaci, ni da furfurata. Da aka yi rasuwa a danginmu sai da na roƙa aka bar ni, aka kuma yanke kuɗin kwanakin. An hana ni taɓa motar kowa in ba tasu ba. Kowane wata ana cire wani abu daga kuɗina a ce harajin 'yan kwangila ne, amma ba a zuba mini komai a asusun fansho kamar yadda ake yi wa direbobi da masu gadi. Hutun shekara kuwa sai dai in ga suna tafiya in yi musu a dawo lafiya. Shekaru na yi a haka, kuma ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina wace irin kwangila ce wannan ba.

Ga inda na cuci kaina da hannuna. A Magazin, ranar da aka yaye ka daga koyon sana'a, mastanka ne yake miƙa maka akwatin kayan aiki a gaban jama'a, a yi addu'a, a ci a sha. Daga ranar, duk wanda aka gani yana aiki da sifanar wani, yaro ake ɗaukarsa komai shekarunsa. Saboda haka da mai kula da sito na kamfanin ya kawo mini sababbin kayan aiki da jak na ɗaga mota da rigar ma'aikata, sai na ji kamar ya zage ni. Na ce ya mayar, ni ba ɗan koyo ba ne, da nawa na zo kuma da nawa zan yi aiki. Ya sake kawowa, na sake korarsa. Manaja da ya ji labari sai ya yi murmushi, ya ce a ƙyale Masta ya yi yadda yake so. Ni a wautata na ɗauka girmama ni yake yi.

Wata rana da hantsi ina ƙarƙashin mota ina sauke giyabos, jak ya zame, ƙarfen ya sauko a kan hannuna na dama. Direbobi suka kwashe ni sai asibiti. Aka yi ɗinki, aka tsayar da jini, amma likita ya ce jijiyoyin yatsu sun tsinke, sai an yi babban aiki, kuma a gaggauta tun kafin su ƙage. Kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Ban damu ba, na ce ai a bakin aikin kamfani na ji ciwo. Manaja ya zo dubiya da burodi da lemon gwangwani, ya yi ta sannu Masta, sannu Masta, sannan ya gyara murya ya ce diyya da kuɗin magani na ma'aikata ne kawai, ɗan kwangila shi ke ɗaukar nauyin kansa. Mutumin da ba na iya zuwa sallah sai da izininsa, shi ne yau yake gaya mini ba a ƙarƙashinsa nake ba.

Matata ce ta matsa muka je ofishin ƙwadago. Jami'ar da ta saurare ni ta tambayi wanda yake sa mini lokacin zuwa da na tashi, da wanda yake ba ni izini, da kuma ko ina yi wa wasu aiki. Da na amsa, ta ce doka ba ta tsayawa ga sunan da aka laƙaba wa mutum, yadda ake gudanar da aikin take dubawa, kuma bisa ga dukkan alamu ni ma'aikaci ne. Na fito ina hamdala, ina ganin magana ta ƙare. Ashe farawa ta yi. Ranar zaman sauraron ƙarar kamfani ya turo lauya, shi kuma ya zo da mai kula da sito, wanda ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah cewa ya ba ni kayan aiki da riga na ƙi karɓa. Lauya ya ce wane ma'aikaci ne yake zuwa da kayansa ya kori na kamfani? Ya ƙara da cewa jak ɗin ma da ya zame nawa ne, ba nasu ba. Aka tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne. Na so in yi musu bayanin al'adar Magazin, amma ina cikin magana ni kaina na ji ba ta da kan gado. Aka ɗage zama.

Daga nan sai ɗage-ɗage. Yau lauya ya yi tafiya, gobe ana jiran wani bayani. 'Yan'uwa a Zango suka haɗa abin da ya sawwaƙa, Allah ya saka musu, amma a wankin ciwo da cefane ya ƙare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na je ofishin haraji neman shaidar kuɗin da ake cire mini. Nan aka ce a wurinsu ni ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, aka tambaye ni ina bayanin kuɗin shigata na kowace shekara, aka kuma ce akwai tarar jinkiri a kaina. Na ɗaga musu hannuna a naɗe na ce ga kasuwancin nan su gani. Ba wanda ya yi dariya.

A ƙarshe dai an yanke cewa ni ma'aikaci ne tun ranar farko. Aka umarci kamfani ya zuba mini fanshon baya, ya biya diyya, a kuma gyara lissafin harajina. Na yi nasara ke nan. Na tafi wurin likita da saurina, ya murza yatsun, ya ja, ya lanƙwasa, sannan ya girgiza kai ya ce lokaci ya wuce. Yatsu uku sun riga sun ƙage, ko an yi aikin ba za su sake riƙe ƙarfe ba.

Ban yafe wa kamfanin nan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba. Amma na koyi cewa suna mai daɗi ba ya biyan asibiti, kuma abin da yake mutunci a rumfarka yana iya zama hujja a kanka a ofishin wani. Ku masu sana'a, makanikai da masu walda da teloli, in wani ya ce zai ba ku kwangila amma shi zai sa muku lokacin zuwa da na tashi, ku tsaya ku tambaya tun kuna da lafiya. Wane haraji ake cirewa, ina fansho, wa zai ɗauke ku in kun faɗi? In an ba ku kayan aiki da riga ku karɓa, ba za su rage muku komai ba. Ni ban tambaya ba, ban kuma karɓa ba. Yau da safe, kamar kullum, matata ce ta ɓalla mini maɓallan riga.