Nonon Tinya a Ƙafar Rumbu

Jiya ina komowa daga Tasawa, inda ayarin gishiri ya sauka, jakina ya karya reshen tinya. Da na ga farin nonon nan yana ɗiga, sai Baffa, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Kowace kaka shi ke shafe ƙafafun rumbunmu da nonon tinya saboda gara. Ba ya yarda kowa ya taɓa, don dafinsa na cin fata. Ranar kuma ba ya sa hannu a akushinmu. Gindin gawo yake komawa ya sha fura da ludayi, yatsunsa duk sun yi bororo.

Wata shekara, ina magidanci da iyalina, na miƙa hannu in karɓi kaskon nonon daga hannunsa.

"Ja da baya, ɗana," in ji shi. "Idona ya gama ganin duniya, naka kuwa da saura."

Na ja da baya, har na ji daɗi a raina. Rana ta take, zufa ta gangaro mishi, ya share ido da bayan hannu. Bai yi ihu ba, durƙusawa kawai ya yi. Muka yi ta wankewa da madarar saniya har ƙwarya ta ƙare, amma idon dama bai ƙara gani ba.

Rumbun yana nan, gara ba ta ci shi ba. Duk damin da na ciro sai in ji ya fi gero nauyi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa. Bana ni zan riƙe kaskon.