Itatuwan Kawu Sambo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga Zulƙida, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna Sambo na Maruda, ana tsakiyar zafin bazara, ruwa bai sauka ba.

Kawu, kai ka dasa itatuwan da ke gefen maƙabartar garinmu. Dalilin daga bakinka na ji shi. Ranar da aka binne mahaifiyata, ƙanwarka, sai da aka bi hanyar Gwandu neman itacen rufe kabari, gawa tana jira a rana. Ka ce ba za a sake yi wa wani haka ba.

Wurin fako ne. Ƙasar ba ta wuce taƙi ba, ƙarƙashinta marmara. Dattawa suka ce saiwa ba za ta ratsa ba, ka ce kowa ma nan zai kwanta, itace bai fi mu ba. Ka sa diga ka fasa ramuka, ka dasa darbejiya da turare, har da wata mai ganye kamar allura da Malam Istifanus, malamin firamare, ya kawo maka daga Jos. A gindinsu kake alwala, yau wannan gobe waccan, don kada ruwan ya tafi a banza. Matarka Inna Ladi takan ce, "Malam, buta ɗaya ce za ta shayar da daji?" Kai kuma ka ce, "Ke dai da kara kike so a rufe ki."

Shekarun da damina ke cika, itatuwan sun yi kyau. Sai ruwa ya fara makara, ya riƙa ɗaukewa da wuri. Ta Jos ce ta fara mutuwa. Sauran suka bi ta, suna bushewa daga sama, don saiwarsu a kwance take kan marmara, ba inda za ta sami laima. Dattawan ba su yi ƙarya ba, kai ma bara ka faɗa. Duk da haka ba ka bar kowa ya sari ko reshe don girki ba, har ni ka hana.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka ban gani da idona ba, ɗanka Lukuman ne ya gaya mani. Da busassun aka rufe ka, ba a je ko'ina nema ba. Abin da ya rage ba zai ishi mutane da yawa ba. Darbejiya ɗaya ce ke da ganye har yanzu, kuma Inna Ladi ta miƙa wa Lukuman butarka.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa wannan aiki ya bi ka. Allah Ya ba Inna Ladi da Lukuman da dangi na Maruda da Kalgo haƙurin rashi. Ya Ubangiji, Ka saukar mana da ruwa tun darbejiyar nan tana da sauran ganye. Amin.