Goyon Tauraruwa a Marylebone

A ƙofar wani asibitin yara a unguwar Marylebone, can ƙasar Turawa, ga wata doguwar Baturiya tsaye, baƙin gilashi ya cinye mata rabin fuska. Ba ta so a gane ta, shi ya sa kowa ke kallonta. 'Yar fim ce, in ji ƙawata Nanret, jaririyar hannunta kuwa daga wajejenmu ta ɗauko ta, jaridu suna ta surutu. A tsallaken titi mai kyamara yana jira.

Sai ga ta a sunkuye, tana ƙoƙarin goya yarinyar da wani gyalen siliki mai santsi. Ta ɗaure sama, ta manta ƙasa.

"A waya ta koyi goyon nan," in ji Nanret. "Ko majanyi babu. Ba zai kai tashar jirgin ƙasa ba."

Yarinya tana zamewa, tana ƙananan kuka. Mai kyamara ya gyara tsayuwa. Matar ko kallonsa ba ta yi. Hannunta ya zagaya baya ya tallafe, tana bubbugawa, tana jijjigawa. Gilashin ya faɗi ƙasa, ta bar shi nan.

Nanret ta ce, "To, wannan kam ba a waya ta koya ba."